Kiyashi, Kyankyaso da Dangi: Wane Suna Za Mu Faɗa wa Yara?

Duk ranar 7 ga Afrilu, idan gidajen rediyo suka zo kan labarin Ruwanda, sunaye biyu ne ke yawo a bakin masu karanta labarai. Wani ya ce kisan kiyashi, wani ya ce kisan ƙare dangi, wani ma ya jero su a jimla guda, a ganinsa duk abu ɗaya ne. Kunnen babba ya saba, ba ya tsayawa a kansu. Yaro kuwa da ainihinta yake jin kalma. Ya san kiyashi sarai, ya sha ganinsu sun yi layi sun nufi kwanon sukari, ya sha murje su da ɗan yatsa ba tare da kowa ya ce masa don me ba. Idan aka ce masa an yi wa mutane kisan kiyashi, hoton da zai fara zuwa masa shi ne na wasu ƙananan abubuwa masu yawa, marasa fuska, waɗanda mutuwarsu ba ta hana kowa barci.

Bahaushen da ya fara wannan magana yawa yake nufi, da sauƙin da aka samu wajen kashewa, kuma a nan bai yi kuskure ba. A cikin kwana 100 kacal, daga Afrilu zuwa Yulin 1994, an kashe mutum wajen 800,000 a ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya, gwamnatin Ruwanda kuma ta ce sun haura miliyan 1. Akasarinsu da adda da kulki aka kashe su, a shingayen hanya, da cikin coci-coci, da makarantun da suka fake. Sai dai akwai abin da ke damuna game da wannan suna, kuma labarin Ruwanda ne ya sa yake damuna. Tun kafin a ɗaga adda, sai da aka shekara da shekaru ana kiran 'yan Tutsi inyenzi, wato kyankyasai. Asalin sunan na 'yan tawayen Tutsi ne da ke gudun hijira, masu kawo hari da dare a shekarun 1960. A hankali aka shimfiɗa shi a kan kowa, har tsohuwa da jariri. Jaridar Kangura ta yaɗa shi, gidan rediyon RTLM da aka buɗe a 1993 ya riƙa maimaita shi tsakanin kiɗa da barkwanci, har ya zama abin da ake faɗa a kasuwa ba tare da an ji nauyinsa ba. Mutumin da ya yarda maƙwabcinsa kyankyaso ne ya riga ya yi rabin tafiya. To idan muka zo ba yaro labarin, muka sake kwatanta waɗanda aka kashe da ƙwaro, da idon makasan muke sa shi ya kalle su, ko da niyyarmu tausayi ce.

Ba ina cewa a goge kalmar daga harshe ba ne, ta riga ta zauna. Amma a gaban yaro na fi son ɗaya sunan, domin shi dangi ya ambata. Kowane yaro ya san dangi. Ya san kaka da goggo da kawu, da 'yan uwan da ake haɗuwa da su ranar sallah ko biki. Ka ce masa an so a ƙare dangi, nan take ya gane cewa mutane ake magana, kuma ya gane cewa da manufa aka yi. Ƙarewa ba ta aukuwa da tsautsayi, sai an ƙudurta, an bi gida-gida, an tabbatar ba a bar iri ba. Wata 'yar matsala ce kawai a rubuce. Jaridu da shafukan intanet da yawa ba sa sa ƙugiyar harafi, sai ka ga an rubuta "kare dangi". Ɗan firamare da ke koyon karatu zai iya ɗauka ana nufin tsare dangi, ko ma ya tuna da karen unguwa. Malami ya sa ƙugiyar a allo, ya kuma furta ta da kyau.

Abin sha'awa shi ne wannan suna namu ya faɗa daidai kan abin da wanda ya ƙirƙiri kalmar Turawa yake nema. Raphael Lemkin lauya ne Bayahude ɗan ƙasar Poland. Yana ɗalibi a 1921 aka yi shari'ar wani matashi Ba'armeniye a Berlin, wanda ya harbe Talat Pasha, ɗaya daga cikin jagororin Daular Usmaniyya da suka tsara kashe Armeniyawa a 1915. Abin ya tsaya wa Lemkin a rai. Ta yaya wanda ya kashe mutum ɗaya zai gurfana gaban alƙali, wanda ya ba da umarnin hallaka al'umma guda kuwa babu dokar da za a kama shi da ita? A watan Agustan 1941 Firaministan Birtaniya Churchill ya faɗa a rediyo cewa abin da Jamusawa ke yi a gabashin Turai laifi ne da ba shi da suna. Lemkin ya yi masa suna a littafin da ya fitar a 1944, ya ɗauko kalmar Girkanci mai nufin ƙabila ko zuriya, ya haɗa da ta Latin mai nufin kisa, aka samu genocide. Shi kansa danginsa 49 ne suka hallaka a hannun 'yan Nazi. Ranar 9 ga Disamba 1948 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar hana wannan laifi da hukunta shi.

Yarjejeniyar ba ta ɗora laifin a kan adadin gawa ba, a kan niyya ta ɗora shi: niyyar kawar da wata al'umma, dukkanta ko wani sashe nata, saboda ƙasarta ko ƙabilarta ko launinta ko addininta. Ta lissafa hanyoyi biyar, kuma biyun ƙarshe babu jini a cikinsu ko kaɗan, su ne hana haihuwa, da ƙwace 'ya'yan wata al'umma a mayar da su cikin wata. Wannan na ƙarshen yaro ɗan shekara 10 zai fahimce shi fiye da yadda muke zato. Ya san me ake nufi da a raba shi da uwarsa, a canza masa suna, a hana shi yaren gidansu.

Su ma 'yan Ruwanda da suka tashi neman suna cikin harshensu bayan 1994, itsembabwoko suka ce. Gutsemba shi ne kawarwa kakaf, ubwoko kuwa iri ne ko dangi ko ƙabila. Ƙare dangi ke nan, babu ragi babu ƙari. Da farko sukan haɗa shi da itsembatsemba, mai nufin kashe-kashe barkatai, don a haɗa da 'yan Hutun da aka kashe saboda sun ƙi ba da haɗin kai. A 2008 aka gyara kundin tsarin mulki, sunan hukuma ya koma Jenoside yakorewe Abatutsi, wato ƙare dangin da aka yi wa Tutsi, kuma a 2018 Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya bi sahu wajen sunan ranar tunawa. Dalilin a fili yake. Idan aka ce "na Ruwanda" kawai, an bar ƙofa ga masu cewa ai kowa ya kashe kowa. Akwai kuma masu ganin sabon sunan ya bar wasu a waje, kamar Firaminista Agathe Uwilingiyimana, 'yar Hutu, wadda aka kashe tun ranar farko, da fararen hular da suka mutu a hannun dakarun 'yan tawayen RPF, waɗanda kotunan gargajiya na gacaca ba su saurari ƙararsu ba. Ɗan sakandare ya isa a gaya masa duka biyun: waɗanda aka yi niyyar ƙarewa Tutsi ne, wannan babu jayayya, sannan ba su kaɗai ne suka mutu ba.

Wahalar da ta fi girma tana wajen kalmomin da muke gudu zuwa gare su idan yaro ya tsare mu da ido. Yarinya 'yar shekara 7 ta ji a rediyo, ta ce, "Umma, me ya faru a Ruwanda?" Amsar da ta fi saurin zuwa baki ita ce, "Yaƙi aka yi," ko "Rikici ne na ƙabilanci." Uwa ba ta yi nufin ƙarya ba, so take ta kare 'yarta. Amma a duba abin da kalmomin suka ɗauko. Yaƙi yana da ɓangare biyu, kowa da makaminsa. Gaskiya ne an yi yaƙi a Ruwanda, tun daga Oktoban 1990 da RPF ta shigo daga Yuganda, amma matan da aka rutsa a cocin Nyamata da Ntarama da goyonsu ba mayaƙa ba ne. Rikici kuwa ya fi muni, domin ba shi da mai shi. Cewa muke rikici ya ɓarke, ko ya tashi, ko ya lafa, sai ka ce ba hannun kowa. Ba a tambayar wa ya rubuta jerin sunaye, wa ya sayo addunan, wa ya ce a datse hanya a duba katin shaida. Katin nan ma da aka rubuta wa kowa ƙabilarsa a jiki, Turawan Beljiyam ne suka shigo da shi a farkon shekarun 1930, gwamnatocin bayan 'yancin kai suka ci gaba da shi. Yaron da aka ce wa rikici ne zai tashi yana ɗauka cewa haka kawai mutane ke haukacewa lokaci-lokaci, kuma wannan ya fi ba da tsoro, tunda abin da ba shi da sanadi ba shi da rigakafi.

Manyan duniya ma sun yi wannan ɓuya a bayan kalma, kuma tasu ta ci rayuka. Amurka ta rasa sojoji 18 a Mogadishu a watan Oktoban 1993, ba ta son abin da zai sake jan ta Afirka. Da aka fara kisan Ruwanda, jami'anta suka ƙi furta sunan ƙare dangi, don gudun kada yarjejeniyar 1948 ta hau kansu. A watan Yunin 1994 mai magana da yawun ma'aikatar harkokin wajenta ta tsaya kan cewa an dai aikata wasu ayyuka na ƙare dangi, har wani ɗan jarida ya tambaye ta ayyuka nawa ake tarawa kafin su cika. Tun ranar 21 ga Afrilu Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya riga ya rage dakarunsa a Ruwanda zuwa 270. Su kuma makasan nasu lulluɓin daban ne. Gukora suke cewa, wato aiki. A fito aiki, an tashi daga aiki. Sukan kira shi umuganda, wanda shi ne aikin gayya a wurinsu, ko su ce ana sassabe. 'Yan Nazi haka suka yi, suna cewa za a sauya wa Yahudawa matsuguni alhali ɗakunan iskar guba ake kai su. Duk inda aka yi wannan ta'asa, sai ka tarar an nemo mata suna mai laushi. Shi ya sa nake jin tsoron taushin da muke yi wa yara idan ya kai ga canza sunan abin.

Maganin yara awonsa ake ragewa, ba a musanya shi da ruwan sukari. Haka nake ganin wannan magana. Abin da shekaru ke ragewa shi ne bayanin yadda aka yi kisan: adda, fyaɗe, ramuka, hotunan gawawwaki. Gidajen tarihin da suka daɗe suna wannan aiki sun sa iyaka. Na Auschwitz yana ba da shawarar kada a kawo wanda bai kai shekara 14 ba. Na Holokos da ke Washington ya ware babban baje kolinsa ga 'yan shekara 11 zuwa sama, ya yi wani daban ga 'yan shekara 8, inda ake bin rayuwar yaro guda ɗaya daga ɗakin kwanansa zuwa sansani. Amma ko ga 'yar shekara 7 ɗin nan akwai amsa ta gaskiya da za ta iya ɗauka: "Wasu shugabanni ne suka yi wa mutane ƙarya, suka ce maƙwabtansu ba mutane ba ne, suka sa aka kashe su da yawa saboda gidan da aka haife su kawai. An daɗe da yi, kuma an kama da yawa daga cikin waɗanda suka aikata." A cikin wannan amsa akwai wanda ya yi, akwai gangan, akwai mutane. Babu digon jini. Idan ta yi shiru ta koma wasanta, a bar ta, za ta dawo da wata tambayar ranar da ta shirya. Idan kuma ta ce, "Za su zo nan?" to wannan ce ainihin tambayar, ita za a zauna a kai, a rungume ta, a ce mata tana cikin aminci a gida tare da iyayenta.

A wurin tunawa na Gisozi da ke Kigali, inda aka binne mutum fiye da 250,000, akwai wani ɗaki na yara. Manyan hotuna ne a bango, irin waɗanda iyaye ke ɗauka ranar suna ko ranar shiga makaranta. Ƙarƙashin kowane hoto an rubuta sunan yaron da shekarunsa, da abincin da ya fi so, da wasan da ya fi so, wani har da babban abokinsa. Layin ƙarshe shi ne yadda aka kashe shi. Wannan layin na manya ne. Sauran layukan kuwa su ne ainihin abin da ya kamata yaro ya fara sani, cewa wanda ake magana a kansa yana da suna, yana son madara ko ƙwallo, yana da wadda yake kira Mama. Adadin 800,000 ba ya shiga kan yaro, mu ma manya ba ya shiga namu. Mutum ɗaya mai suna yana shiga.

Ɓangaren labarin da yaro ya fi kowa sani kuwa shi ne na laƙabi. Tun kafin ya iya haɗa baƙi ya san zafin a kira shi da sunan da ba nasa ba a filin wasa. Waɗanda suka tsira a Ruwanda da yawa sun ba da labarin yadda, tun kafin 1994, malami kan shigo aji ya ce 'yan Hutu su miƙe, sannan 'yan Tutsi su miƙe, a ƙirga su. Wasu a ranar suka fara sanin ko su su waye, suka koma gida suna tambayar iyaye. Daga nan za a iya fara magana da ɗan shekara 6 ba tare da an ambaci kisa ba ma. Nan ne kuma maganar ta iso ƙofar gidanmu. Yaranmu suna jin mu muna cewa nyamiri, muna cewa arna, a Kudu kuma ana jifan namu da aboki ko malam cikin sigar raini. Ban ce kowane laƙabi hanyar Ruwanda ba ce. Amma an kashe dubban 'yan ƙabilar Ibo a garuruwan Arewa a 1966, an yi Zangon Kataf a 1992, an yi Jos a 2001, an yi Yelwan Shendam a 2004, kuma kusan duk da kalma ɗaya muke rufe su, rikici, kowane ɓangare yana ba 'ya'yansa rabin da aka cuce shi kaɗai. Najeriya ta taɓa yin shekaru ba a koyar da darasin tarihi a firamare da ƙaramar sakandare. Ruwanda ma ta dakatar da koyar da tarihin ƙasarta fiye da shekara 10 bayan 1994. Inda makaranta ta yi shiru, zaure da majalisar bakin titi ba sa yi.

Akwai wasu sunaye da aka liƙa wa yara su kansu bayan an gama. Dubban jarirai aka haifa sakamakon fyaɗen da aka yi a lokacin, aka riƙa kiransu 'ya'yan mummunan tuni, wasu ma a ce musu ƙananan Interahamwe, da sunan ƙungiyar makasan. Ga kuma 'ya'yan waɗanda suka yi kisan, suna zaune benci ɗaya da marayun da ubanninsu suka mayar marayu. Kotunan gacaca, waɗanda ake zama a fili a kan ciyawa gaban jama'ar ƙauye, sun saurari ƙararraki kusan miliyan 2 kafin a rufe su a 2012, saboda haka da wuya a samu ƙauyen da babu irin waɗannan yara. Malamin da zai koyar da wannan darasi a irin wannan aji dole ya auna kowace kalma.

Shi ya sa idan yaro ya yi tambayar da ba makawa sai ya yi, "Baba, to Hutu su ne mugayen?", bai kamata a amsa masa da sunan ƙabila ba. Da sunan ƙabila aka fara ɓarnar tun asali. A amsa masa da sunayen mutane. Jean Kambanda, firaministan gwamnatin riƙon ƙwarya, ya amsa laifinsa gaban kotun duniya da ke Arusha a 1998, aka yanke masa ɗaurin rai da rai. Jean-Paul Akayesu, shugaban ƙaramar hukumar Taba, shi ne mutum na farko da wata kotun duniya ta samu da laifin ƙare dangi, a watan Satumba na wannan shekarar. A 2003 kotun ta hukunta waɗanda suka kafa RTLM da editan Kangura, mutanen da baki da alƙalami ne makaminsu.

Sai a ba shi ɗaya jerin, wanda ya fi dacewa da ƙananan shekaru. Kyaftin Mbaye Diagne, sojan Senegal cikin dakarun Majalisar Ɗinkin Duniya, ya riƙa ɗaukar mutane kaɗan-kaɗan a motarsa, ba bindiga a hannunsa, yana ratsa shingayen makasa da raha da lallashi, har ranar 31 ga Mayu 1994 da ɓarɓashin makami ya same shi ya rasu. A watan Maris na 1997 'yan bindiga suka shiga makarantar sakandare ta Nyange da dare, suka ce ɗalibai su ware, Hutu gefe, Tutsi gefe. Yaran suka ƙi, suka ce su duka 'yan Ruwanda ne. An kashe wasunsu a wurin, kuma yau suna cikin gwarazan ƙasar. Sai Zura Karuhimbi, wata tsohuwa 'yar Hutu a ƙauyen Musamo, wadda mijinta ya rasu, ba ta da komai sai ɗan gidanta na ƙasa. Ta ɓoye mutane da dama a ƙarƙashin gado da cikin rami a gonarta. Idan 'yan Interahamwe suka zo, sai ta fito tana kaɗa awarwaro, ta ce gidanta cike yake da iskoki, duk wanda ya taka ciki ya kuka da kansa. Takan shafa wani ganye mai sa ƙaiƙayi a hannunta ta taɓa su, jikinsu ya ɗauki susa, su juya da gudu. An ba ta lambar yabo ta ƙasa a 2006, ta rasu a watan Disamban 2018.